Jan Kati da Takalmin Sallau

La'asar ta yi sanyi, hadarin nan da ya haɗo tun azahar ya tsaya a gabas, bai sauko ba, bai kuma watse ba. Tunda ba mai fita yanzu, ku matso cikin rumfa. Na baya ku shigo kada yayyafi ya same ku. Wani ɗan labari zan ba ku, in ruwan ya tsinke ma sai mu ƙarasa shi a hankali.

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Haladu. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, ba shi da sarauta ko ta unguwa. Gyaran rediyo da fanka yake yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Abin da ya samu ya kai gida, shi da matarsa Hansai su ci su gode wa Allah. Mutum ne marar hayaniya. In ka kawo masa gyara ya duba ya ga waya ce ta tsinke, zai ce maka waya ce ta tsinke, ba zai ce inji ya ƙone ba.

Amma yana da wani abu guda da mutanen garin suke yi masa dariya a kai. Yana tara katin sauti na tsofaffin kwamfutoci.

Bari in yi bayani, don da yawanku waya kuka tashi kuka gani tana magana. Kwamfutocin da, masu ƙaton kai kamar talabijin, ba su da murya. Sai dai su yi ɗan ƙara, ƙit, shi ke nan. In kana so ta yi magana ko ta fitar da karatu, sai ka buɗe cikinta ka soka mata wani siririn faranti, yawanci kore, da 'yan ƙananan abubuwa manne a jikinsa kamar ƙudaje sun sauka a tire. A ƙasansa akwai haƙora a jere masu ruwan zinare, su suke shiga ramin da aka yi musu. A bayansa kuma akwai inda ake soka wayar lasifika. To wannan shi ne katin sauti. Da zamani ya canza aka daina yin su, sai mutane suka riƙa zubar da kwamfutocin da katunan a ciki.

Shi Haladu cewa yake kowane kati da irin muryarsa. Ya ce kamar ladanai ne, kalmomin iri ɗaya ne, amma kana daga cikin ɗaki kana gane wane ne ya kira. Yana da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa da yake gwada su. Kuma abu ɗaya yake sa wa kowane kati ya faɗa. Shekarar da ya auri Hansai ya taɓa ɗaukar sautin dakanta ba ta sani ba: taɓarya tana sauka a turmi, wata kaza tana ƙorafi a gefe. Duk katin da ya samo, wannan dakan zai sa masa. Wani ya mai da turmin kamar ana buga kwano. Wani ya ba turmin nauyinsa amma ya haɗiye kazar. Haladu ya zauna ya karkata kai yana murmushi shi kaɗai.

In ya samo kati, ba ya taɓa shi sai ya fara dafa ƙyauren ƙarfe, wai don wutar jikin mutum kada ta kashe shi. Sai ya share ƙurar da tsohon buroshi, ya goge haƙoran da kilina irin ta 'yan makaranta har su yi ƙyalli, ya naɗe shi a jarida, ya sa a kwalla ya rufe.

Hansai takan ce, "Malam, kwallayen aurena ne fa. Na tuwo ne."

Ya ce, "To ai ban ji sun yi ƙorafi ba."

Ta ce, "Su ba su da baki, ni ce mai bakin."

Ta faɗa ne kawai. Ita da kanta take ɗaga kwallayen ta share ƙarƙashinsu, in damina ta zo ta ɗora su a kan benci don sanyin ƙasa.

To a cikin duk wannan tari akwai guda ɗaya da babu. Tun yana koyon gyara aka taɓa kawo wa ubangidansa wata kwamfuta, a cikinta akwai wani kati ja, dogo, daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Da aka kunna ta muryar wani mutum ta fito, sai da Haladu ya waiga ya duba ko wani ne ya shigo rumfar. Sau ɗaya ya ji shi, mai kaya ya ɗauki kayansa ya tafi. Tun da ya fara tara katunan, shekara tara, wannan jan katin yake nema. Bai ƙara sa shi a ido ba.

Inda yake farautarsa shi ne filin 'yan gwangwan da ke bayan gari, wurin wani dattijo ana ce masa Baba Mati. Duk Laraba a-kori-kura takan zo ta juye tarkacen ofisoshi da na makarantu, Baba Mati ya sa a kasa su tsibi-tsibi, a sayar a kan sikeli. Kuma suna da wata al'ada a filin nan, ku riƙe ta da kyau, don a kanta labarin yake. In ka ga tsibin da ya yi maka, amma baronka yana gida ko kana da wani uzuri, sai ka ɗora warin takalminka a kai ka tafi. Muddin takalmin yana kai, tsibin naka ne har a kira magariba. Ba mai taɓawa, ba mai tonawa. Kowa yana da tsohon silifas da ya ware don haka, kuma kowa ya san na kowa.

A cikin masu saye akwai wani ana ce masa Sallau. Shi ba ruwansa da murya. Haƙoran yake so. Ya sa almakashin kwano ya datse su, ya zuba a kwalbar asid, ruwan zinaren ya saki, ya tara kaɗan-kaɗan ya kai wa maƙeran farfaru. Sana'arsa ce, da ita yake ci da iyali, ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai yana da kaifin baki, kuma ba ya yarda da kowa, don wani baƙo ya taɓa yi masa daɗin baki ya karɓe wani ƙarfe a hannunsa, daga baya ya ji ashe abu ne mai daraja. Takalminsa shuɗi ne, an ɗaure igiyarsa da jar waya.

Ku saurara.

Wata Laraba da hantsi, Haladu ya ɗora takalminsa a wani tsibi ya tsuguna yana tonawa. Ya sami korayen katuna 'yan kaɗan, irin waɗanda yake da su. Yana ɗagowa don ya miƙe baya, sai idonsa ya faɗa kan tsibin da ke kusa. Ƙarƙashin wata murɗaɗɗiyar fanka, ga gefen wani abu ja ya leƙo.

Ya tashi ya je ya tsuguna a gaban tsibin, ya mai da hannuwansa biyu baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya karkata kai yana leƙe. Dogo ne. Haƙoransa duk suna nan, ko ɗaya bai ci ba. Shi ne. A saman tsibin kuma ga shuɗin silifas mai jar waya.

Baba Mati yana zaune a kan wata tsohuwar firij yana kallonsa. Ya san labarin jan katin nan, don ba Larabar da Haladu bai tambaye shi ba.

Ya ce, "Haladu, ko dai shi ne?"

Ya ce, "Shi ne, Baba."

"To me kake jira, ka tsuguna kamar mai gaisuwar surukai?"

"Na Sallau ne."

Baba Mati ya sauko ya matso, ya rage murya. Ya ce, "Ji nan, ɗana. Sallau a sikeli yake saye, ba a ido ba. Ko buɗe tsibin nan bai yi ba. Zare jan, ka tura masa korayenka biyu a madadinsa. Nauyi ya ƙaru masa, haƙora sun ƙaru masa. Filin nawa ne, ni na ce ka yi. Wa ka cuta?"

Haladu ya ce, "Wallahi Baba, ni ma na duba ban ga wanda na cuta ba."

"To?"

"Amma takalminsa na kai."

"Takalmi yana da ido ne?"

Ya ce, "Ai ba takalmin ya bar wa gadi ba, Baba. Mu ya bar wa."

Baba Mati ya ce, "Kai ka san abin da zai yi da shi. Gobe war haka ya datse shi. In ka ɗauka ma ceto ka yi."

Jama'a, ku lura da wannan wurin. Da Baba Mati cewa ya yi ka sata, da abin ya zo da sauƙi, kowa ya san amsar. Amma maganar da ya kawo mai kyau ce. Ba wanda zai yi asara, har ma ceto ne. Irin wannan maganar ita ce mai wuyar turewa, don tana zuwa da fuskar alheri, kuma daga bakin dattijo.

Haladu ya ce, "Zan jira shi in roƙe shi."

Ya jira. Ya koma gindin wata bishiyar darbejiya ya zauna inda yake hango tsibin. Ya yi azahar a nan, ya yi la'asar a nan, rumfarsa a rufe. Ba zan ɓoye muku ba, wanda ya ba ni labarin ya ce Haladu da bakinsa ya faɗa cewa ya yi fatan kada Sallau ya zo sai an kira magariba, don takalmin ya faɗi da kansa. Mutum ne, yana da zuciya. Amma rana tana da sauran tsayi sai ga ƙarar baro, ga Sallau yana turowa.

Ya ce, "A'a, Sarkin Bola, yau kuma gadin kayana aka ba ka?"

Haladu ya miƙe ya ba shi hannu. Ya ce, "Malam Sallau, alfarma nake nema. Akwai wani jan kati a tsibinka, ga shi can ƙarƙashin fanka. Shekara tara ina nemansa. Ka ɗauki tsibina gaba ɗaya ka ba ni shi kaɗai."

Sallau ya sa hannu ya zaro katin, ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shi a rana. Ya dubi Haladu, ya dubi Baba Mati.

Ya ce, "Tsibi guda saboda wannan?"

"In bai isa ba, ka zo gida ka zaɓa a cikin nawa."

"To ka ga yanzu ka ƙara ba ni tsoro. Mutum ba ya ba da tsibi a kan abin da bai fi tsibi ba. An yi mini irin wannan sau ɗaya."

Haladu ya ce, "Ba zinare ne a cikinsa ba, Malam Sallau. Murya ce."

Sallau ya yi dariya. Ya ce, "To ni ma zan ji muryar, a cikin kwalba."

Ya cusa katin a aljihun rigarsa, rabinsa a waje, ya loda sauran a baro, aka auna masa, ya tura ya tafi.

Baba Mati ya tofar da goron bakinsa. Ya ce, "Ka gani ko? Da ka yi shiru ma da bai lura da shi ba. Gaskiyarka ce ta kai shi ga almakashi."

Haladu ya ce, "Haka ne, Baba." Ya ɗauki silifas ɗinsa da 'yan korayensa ya kama hanya.

Da ya isa gida Hansai ta dubi fuskarsa ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Na gan shi yau."

Ba ta tambayi wane ba. Ta ce, "Yana ina?"

Ya ce, "Yana wurin mai shi."

Ta kawo masa tuwo, ta ƙara masa man shanu fiye da na kullum.

Na san wasunku suna jira in ce Sallau ya yi mafarki, ko zuciyarsa ta karye ya kawo katin da safe yana ba da haƙuri. Ba haka aka yi ba. Washegari ya datse shi.

Bayan kwana uku Haladu ya wanke ƙafa ya tafi gidan Sallau. A bayan zauren akwai inda yake watsar da farantan da ya gama da su, duk ba haƙora. Ga jan katin nan a kwance a kai, an yanke masa ƙasa, har almakashin ya ɗan ci cikin jikinsa a gefe ɗaya. Ba kowa a wurin. Bola ce, akuya ma tana hawa. Amma Haladu ya koma ƙofar zaure ya yi sallama, ya tsaya har Sallau ya fito.

Ya ce, "Na zo roƙon gawar."

Sallau ya sosa ƙeya. Ya kau da kai ya ce, "Abin da na samu a cikinsa bai kai ƙwayar riɗi ba. Ashe da gaske kake." Sai kuma ya ɗaure fuska, don ba mutum ne mai son a ga kunyarsa ba. Ya ce, "Ɗauka mana, Sarkin Bola. Bola ai taka ce, sai ka tambaye ni?"

Haladu ya ce, "Na gode, Allah ya ƙara buɗi." Ya naɗe shi a jarida ya sa a ƙirji.

Damina guda ya yi a kan katin nan. Kullum in gari ya waye haske ya shigo taga, kafin ya tafi rumfa, sai ya zauna da ƙarfen narka dalma. Ya yanko haƙoran wani koren kati da ya riga ya mutu, ya jera su a ƙasan jan, yana haɗa kowane haƙori da hanyarsa da silin waya siriri kamar gashi. Wata rana ya haɗa biyu. Wata rana ya haɗa ɗaya ya ɓata uku. Yatsunsa duk tabon ƙuna. Hansai takan leƙo ta ce, "Yaya mai jiki?" Ya ce, "Da sauƙi."

Ranar da ya gama, da hantsi ne, an yi ruwa da asuba gari ya yi luf. Ya dafa ƙyaure, ya yi bisimilla, ya soka katin ya kunna. Hansai tana tsakar gida tana shanya. Sai ta ajiye zanen da ke hannunta ta ce, "Wace ce take daka a gidan nan ba sallama?"

Ta shigo ɗakin ta tarar da shi zaune ya karkata kai. A cikin lasifika biyun, ɗaya ce take magana. Ɗayar shiru, don inda almakashi ya ci ba ya gyaruwa. Amma a cikin ɗayar nan ga turmi da nauyinsa, ga kaza da ƙorafinta. Sai kuma ga wani abu da duk katunan baya suka haɗiye, shi kansa bai san yana ciki ba. Tsakanin saukar taɓarya da taɓarya, ga muryar amarya can ƙasa-ƙasa tana cewa, "Allah ya sa yau ya so miyar."

Hansai ta rufe fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Malam, kashe abin nan."

Ya ce, "Ai na so ta."

Ta ce, "Shekara nawa sai yau za ka faɗa?" Ta fita tana dariya.

Da Laraba ta zagayo Baba Mati ya ji labari, ya ce masa, "Da ka ji maganata da yanzu kunne biyu kake ji da shi."

Haladu ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma da duk ranar da na kunna shi, takalmin Sallau zan riƙa gani. Wannan kuwa in na kunna, dakan kawai nake ji."

To jama'a, abin da nake so mu ɗauka ke nan. Amana ba sai inda wani zai yi asara take ba. Wani lokaci sikeli zai ce daidai ne, mai wuri ya ce ya yarda, zuciyarka ta ce taimako ma kake yi, amma abin ba naka ba ne, kuma mai shi bai ce ka ɗauka ba. A nan ake gane mutum. Mu nan yawancinmu kayan mutane ne a hannunmu tun safe har yamma. Wani ya bar maka wayarsa don gyara ya tafi, bai san abin da ke cikinta ba. Ka ga wani ɗan abu mai kyau a ciki, kana da irinsa da zai yi masa aiki, in ka musanya har abada ba zai gane ba. Wannan wayar takalmi ce a kan tsibi. Wani ya fara ciniki ya ce bari ya je ya dawo. Wani ya shimfiɗa dardumarsa a sahu ya fita alwala. Duk takalma ne, kuma ba su aka bar wa gadi ba, mu aka bar wa. In kana so, buɗe baki ka roƙa. In an hana ka, ka yi haƙuri. Ban ce in ka yi haka za a ba ka abin cikakke ba. Haladu kunne ɗaya ya samu. Amma ya samu nasa, yana ji yana jin daɗi, ba abin da yake sukarsa a zuci. Allah ya ba mu irin wannan.

Ga ruwan nan ya fara sauka, ku jawo tabarmar can ciki. Saura kaɗan.

Baba Mati ya ce wata Laraba bayan wannan, da la'asar, hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Sallau ya ɗora takalmi a wani tsibi mai kyau ya tafi ɗauko baro. Iska ta ɗebe silifas ɗin ta jefa shi cikin kwata. Tsibi kuwa in ba takalmi a kai, na wanda ya riga ne, ga wasu mutum biyu har sun fara zagaya shi. Haladu ya tattare wando ya shiga kwatar ya ɗauko shi, ya karkaɗe, ya mai da shi saman tsibin, ya ɗora masa rabin bulo. Ya ɗauki buhunsa ya tafi kafin ruwa ya sauko.

Da Sallau ya dawo ya ture bulon da ƙafa, ya ce, "Wane ne kuma yake ɗora wa mutane shara a kan kaya?" Ya loda ya tafi.